Babi na Huɗu

Ranar da ya fara ganinta, faɗa ya zo yi. Ya shigo ɗakin gyara na maɗaba'ar da takardun littafinsa a hammata, fuska a murtuke, ya dire su a kan teburin da ke kusa da taga.

"Don Allah wa ya yi wa littafina wannan aika-aika? Duk shafin da na buɗe kamar an yanka kaza a kai."

Budurwar da ke teburin ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layin da take karantawa. Sannan ta rufe jan bironta, ta tura gilashinta sama da ɗan yatsa, ta dube shi.

"Ni ce. Sannu da zuwa, ga kujera."

Ya zo da jawabinsa a baki, amma jawabin an shirya shi ne domin wani tsoho mai furfura. Da ya ga waɗannan idanun, ya nemi farkon maganar ya rasa, sai kawai ya ja kujerar ya zauna.

Maɗaba'ar ƙarama ce, aikinta buga littattafan nazari kan tarihi da al'adu da sana'o'in hannu, irin waɗanda ake shekaru ana rubutawa, a ƙarshe 'yan tsiraru su karanta, yawancinsu ma don su nemo kuskure. Ita ce mai gyaran rubutu. A ƙarƙashin fankar nan mai kuka, cikin warin tawada da gam da ke shigowa daga ɗakin injin, ta ga marubuta masu fushi kala-kala, kowanne yana ganin waƙafinsa wahayi ne.

"Malam, kusan kowane sakin layi naka da 'sai dai kuma' yake farawa. Mai karatu zai gaji da jiran ka yanke shawara."

"Ai haka ake rubutun ilimi."

"Haka dai ake rubutun mai tsoro."

Dariya ta kuɓuce masa ba shiri. Daga ranar ta raɗa masa Malam Sai-Dai, shi kuma ya rama da Jan Biro, sunayen suka bi su.

Matashin malamin tarihi ne a jami'a, littafin kuma shi ne na farko da ya rubuta. Magana yake a kan mata magina tukwane na zamanin da, da zanen da suke yi a wuyan tukunya. Akwai wani tsohon littafi, *Yumɓu da Zuri'a*, wanda wani Farfesa da ya yi ritaya ya rubuta, ya ce zanen nan alamar dangi ce. Malam Sai-Dai ya ware babi na huɗu gaba ɗaya ya ce a'a: kowace magina ce ke sa alamarta, don ta gane tukwanenta idan an gasa na kowa a rami ɗaya.

"A nan ka rubuta wai Farfesa ya yi barci a kan hujjarsa," in ji ta, tana nuna layin da murfin biro. "Dole ne sai da wannan?"

"Gaskiya ce ai."

"Ko gaskiya ce, babu ladabi. Ka ce ya yi kuskure, ka kawo hujjarka, ka wuce."

Ta ja wa layin jan biro har takardar ta kusa hujewa. Abin da ba ta gaya masa ba shi ne, wannan Farfesan da ake cewa ya yi barci, shi take kai wa shayi kowace safiya. Mahaifinta ne.

Gyaran da zai ƙare cikin zama biyu sai ya ƙi ƙarewa. Yau ya zo tambayar aya, gobe ya zo wai ya manta hularsa, alhali tana kansa. Ma'aikatan ɗakin injin har sun daina tambayarsa wa yake nema. Daga baya maganar ta koma waya.

"Jan Birona, yau na rubuta sakin layi guda babu 'sai dai kuma'. Sai dai kuma na kasa daina tunaninki."

"Malam Sai-Dai, jimlar farko ta yi. Ta biyun ma na bar ta, ban taɓa ba."

Ta daɗe tana juya maganar mahaifinta a rai, kullum ta ce gobe. Ranar da ya ce yana so ya turo magabatansa, dole ta sa ta faɗa. Suna tsaye a bakin ƙofar maɗaba'a, ya zaro ido.

"Farfesa? Mai *Yumɓu da Zuri'a*? Haba Jan Biro! Kika bar ni ina ta sukar babanki a gabanki, har kina gyara mini waƙafi?"

"Aikina ne gyara. Kuma hujjarka ta fi tasa ƙarfi, ni ma na gani. Ka bari in lallaɓa shi tukuna."

Lallaɓa Baba kuwa aiki ne. Tun da ya yi ritaya yake zaune a ɗakin karatunsa, cikin kantocin littattafai har rufi, da wasu tsofaffin tukwane jere a kan taga waɗanda ko Mama ba ta isa ta goge musu ƙura ba. Yana da wata ɗabi'a irin ta malamai: duk sabon littafin da ya shigo hannunsa, daga baya yake buɗe shi, wajen da marubuci ke jera littattafan da ya duba. Sai ya bi da yatsa, in bai ga sunansa ba ya rufe, ya ce yaran yanzu ba sa karatu. Ya daɗe yana rufewa.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa gaishe shi ba, wani tsohon ɗalibinsa da yanzu shi ma yake koyarwa. Duk abin da Baba ya faɗa, amsarsa ɗaya ce, har Mama ta sa masa suna Haka-Ne. In Baba ya ce za a yi ruwa, haka ne. In ya ce ba za a yi ba, haka ne, ranka ya daɗe. Ya daɗe yana neman auren Jan Biro ta hannun mahaifinta, ita kuwa ko muryarsa ta ji a falo sai kanta ya fara ciwo.

Kafin ta samu bakin lallaɓawar, aka riga ta. Ta dawo daga aiki wata yamma ta tarar da Baba a tsaye da wasu takardu a hannu.

"Uwata, zo nan. Wannan ne yaron da uwarki take ta yi mini shimfiɗa a kansa? Wanda ya ce na yi barci?"

"Baba, ku yi haƙuri, an cire wannan layin tun..."

"Ke kika cire, ko shi? Ashe ma da saninki! To ki gaya masa kada magabatansa su wahalar da takalmansu. Mai barci ba ya karɓar baƙi."

Ya shige ɗakin karatu ya banko ƙofa har wata tukunya ta motsa a kan taga. Ta tsaya a falo da jaka a kafaɗa, cike da takaici.

Da labari ya kai wa Malam Sai-Dai, shi ma sai ya ɗora mata nasa.

"Ke kaɗai ce ke da babin nan. In kina so ki rabu da ni, ai da baki ake faɗa, ba sai an haɗa ni da dattijo ba."

Ta karanta saƙon ta ajiye wayar, ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa. Wato a gida ita ce maciya amanar uba, a waje kuma ita ce maciya amanar saurayi. Ta rubuta masa:

"Takardar da ke hannun Baba babu jan biro ko ɗigo, kuma maganar barci na nan a ciki. Ka yi tunani, kafin littafinka ya zo teburina ta hannun wa ya bi? Malamin tarihi ne kai, ka binciki hujja kafin ka yanke hukunci."

Bai sha wahalar binciken ba. Kowane littafi sai kwamitin tantancewa ya duba kafin a karɓa, kuma Haka-Ne yana cikin kwamitin. Washegari sai ga Malam Sai-Dai a ɗakin gyara, ya tsaya a gaban teburinta kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Na yi kuskure, Jan Birona. Ki yafe mini."

"Babu 'sai dai kuma'?"

"Babu."

Ta yafe, amma yafiyarta ba ta buɗe ƙofar Baba ba. Mama ta yi magana, ya ce ta tsaya a kan abin da ta sani. Ƙanensa ya zo takanas, ya zauna ya sha lacca a kan wuyan tukunya har ya manta abin da ya kawo shi. Haka-Ne kuwa ya ƙara yawan zuwa, har da sabuwar hula. Abin da ya ɗaure wa Mama kai shi ne, duk da fushin, Baba ya koma cin abinci sosai, kuma tun da safe ake jin motsinsa a ɗakin karatu yana sauke littattafai. Ta ce wataƙila fushi ne ke sa shi yunwa.

Ana cikin haka Malam Sai-Dai ya zo da shawarar da yake ganin ita ce maganin komai.

"Zan cire babin gaba ɗaya. Duk inda sunan Baba ya fito ma a cire, har a bayan littafin. Kada ya buɗe ya ga abin da zai ɓata masa rai."

Ta dube shi ta saman gilashi.

"Ka san me kake faɗa kuwa? Babi na huɗu shi ne littafin. In ka cire shi, saura tukunya ba gindi."

"Littafi zan iya sake wani. Ke fa?"

"Kada ka yi mini daɗin baki, ina maganar aiki. Shekarun da ka yi kana bin tsofaffin magina kana tambaya, duk ka zubar?"

"Na zubar. Ke nake so, Jan Biro."

Ranta ya yi sanyi da maganar, kuma ya ɓaci a lokaci guda, har ta rasa wanne za ta bi. Ta so a ce ya ƙi. Ta kuma so aurenta. Da hannunta ta bi littafin shafi-shafi tana soke sunan mahaifinta, hawaye na ɗiga a kan takarda, tana gogewa da gefen mayafi kada tawada ta baje. Ba ta taɓa tsanar aikinta ba sai ranar.

Manajan maɗaba'a ya yi ta mita, don an riga an tsara shafuka, amma aka sake tsari aka buga kwafin gwaji guda. Siriri ya fito, kamar wanda ya tashi daga jinya. Mama ce ta yi ƙoƙari har Baba ya yarda yaron ya shigo, bisa sharaɗin zai ajiye abin da ya kawo ya tafi.

Da yamma ya zo. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ɗakin karatu ya gaida Baba, ya miƙa littafin da hannu biyu. Haka-Ne na zaune a gefe yana murmushi. Jan Biro da Mama kuwa suna bayan labule, kowacce ta kasa kunne.

Baba ya karɓa. Ya juya littafin, ya buɗe daga baya. Yatsansa ya sauka a hankali, ya wuce inda sunansa ya kamata ya kasance, ya dawo, ya sake sauka. Ya cire gilashi ya goge ya mayar. Sannan ya koma farko ya duba jerin babi-babi.

"Ina babi na huɗu?"

"Na cire shi, Baba, don girmanku."

"Sunana fa?"

"Shi ma... don kada ranku ya ɓaci."

Da Baba ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa, kuma Jan Biro ta san wannan ta fi tsawa muni.

"Wato ka rubuta littafi a kan zanen tukwane, ka nuna wa duniya ba a taɓa yin wani mutum da ya yi wannan aikin kafin kai ba. Da farko ka zage ni. Yanzu kuma ka binne ni da raina."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Haka-Ne.

"Kai kuma yi mini shiru! Tun kana ɗalibi kake ce mini haka ne. Gaya mini, a littafina me na ce game da tukwanen da ba su da zane ko kaɗan?"

Haka-Ne ya buɗe baki, ya gyara hula, ya ce ai maganar tana da faɗi. Baba ya kawar da kai daga gare shi, ya jawo aljihun tebur ya fito da takardun nan na babi na huɗu. Duk gefensu ya cika da rubutun hannunsa, sama da ƙasa, har bayan takarda.

"Tun da littafina ya fito babu wanda ya tanka mini. Ba yabo nake nufi ba, yabo ko wannan yana yi. Babu wanda ya zauna ya bi hujjata ɗaya bayan ɗaya ya ce ga inda ta karye. Sai kai, mara kunya. Ina nan ina shirya maka martani, ka je ka janye?"

Ya ajiye takardun, ya kafe saurayin da ido.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka cire babin nan ne don ka gane ni ke da gaskiya?"

A bayan labule Jan Biro ta damƙe hannun Mama. Ita kanta ba ta san amsar da Baba yake so ba. Kalma ɗaya ce, i, wataƙila ta buɗe ƙofa. Gumi ya karyo wa Malam Sai-Dai, ya dubi ƙasa, ya dubi tukwanen da ke kan taga.

"A'a, Baba. Har yanzu ina ganin kun yi kuskure. Tsoron rasa ta ne ya sa na cire."

"Na yi kuskure," in ji Baba.

"Kun yi, Baba. Ku gafarce ni."

"A ina?"

"Tukwane biyun da kuka kafa hujja da su, kuka ce na dangi ɗaya ne saboda zanensu ɗaya. Na samu jikar maginar. Mace ɗaya ce ta gina su, ta yi aure ta koma wani gari da zanenta."

Baba ya yi tsaki mai ƙarfi, ya jawo kujera da ƙafa ya tura masa.

"Tashi daga ƙasan nan ka zauna. Jika ai ba hujja ba ce, jika tana iya faɗin komai. Wa ya koya wa kakar zanen? Ka tambaya?"

"Na tambaya, Baba."

"To me ta ce?"

Haka aka shiga. Murya ta tashi, littattafai suka sauko daga kanta, aka ɗauko tukunya daga taga ana juya wuyanta a gaban haske. Babu wanda ya lura da lokacin da Haka-Ne ya nemi takalmansa. Shayin da Mama ta aika ya huce a inda aka ajiye shi. Jan Biro ta gaji da tsayuwa ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa.

"Mama, wai sun manta da maganata ne? Aurena ake yi ko taron ƙara wa juna sani?"

"Ke dai yi haƙuri. Rabon da in ji babanki yana ɗaga murya da daɗi haka, tun kina goye."

Sai da rana ta kusa faɗuwa Baba ya rako Malam Sai-Dai bakin ƙofa, har lokacin yana kaɗa masa yatsa.

"Ka mayar da babin yadda yake, da sunana a inda ya dace. Maganar barci ce kawai ban yarda ba, ban taɓa barci a kan aiki ba. Kuma kada ka ƙara janye abin da ka san gaskiya ne don a ba ka wani abu, ko da 'yata ce."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Martanina yana nan zuwa, zai yi maka zafi. Ka gaya wa magabatanka su zo."

Bai kai bakin titi ba saƙonta ya shigo.

"Malam Sai-Dai, ka sa na soke sunan ubana da hannuna a banza, yanzu kuma ni zan bi in mayar. Manaja zai cinye ni ɗanya. Ban huce ba. Amma yau na ji alfahari da kai."

"Jan Birona, ki huce a hankali, muna da sauran rayuwa."

Manaja kuwa ya yi faɗan har ya gaji, aka sake tsara shafuka karo na uku. Littafin ya fito da kaurinsa ana saura kaɗan biki, aka ɗaura aure cikin 'yan uwa da abokan aiki, har da ma'aikatan ɗakin injin da suka ce su ne shaidun farko.

Da za a tafi da amarya, aka kai ta ɗakin karatu ta yi sallama da mahaifinta. Ta durƙusa tana kuka. Baba ya yi ta gyara gilashin da babu abin da ya same shi.

"Uwata, ban ba shi ke don ya kayar da ni ba, don bai kayar da ni ba tukuna. Na ba shi ke ne don ya zauna ya karanta ni daga farko har ƙarshe, ya ga inda na gaza, kuma bai jefar da ni ba. Ina fata haka zai zauna da ke, ke ma haka za ki zauna da shi."

Ya ɗora hannu a kanta, muryarsa ta karye.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, masu faɗa muku gaskiya da ladabi. Tashi ki je, mijinki yana jira."

Mama da ke bakin ƙofa ta ce amin, ta kama hannun 'yarta ta fita da ita.